Muhawara: Shin ya dace a haɗa direbobin rumbun bayanai da kayan gudanarwa a cikin kunshin sabar manhaja?

Bakano Mai Java:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina so in ji ta bakin waɗanda suka riga mu shiga wannan sana'a. Mu uku ne muke rubuta wata manhaja ta adana bayanan marasa lafiya da lissafin magunguna, da harshen Java, muna ɗora ta a kan Tomcat, wato sabar da take gudanar da manhajar, kuma masu sayenta ƙananan asibitoci ne masu zaman kansu. A watan jiya na je girka ta a wani asibiti da ke da tafiyar awa uku daga Kano. Na zuba komai a filash, wato Java da Tomcat da fayil ɗin manhajar da rumbun bayanai na PostgreSQL, amma da na kunna sabar sai ta ce ba ta sami direban da zai haɗa ta da rumbun bayanai ba. A nan na tuna cewa direban, wanda fayil ɗaya ne tak mai nauyin kusan megabayit ɗaya, yana can cikin foldar lib ta kwamfutar ofishinmu, ban kwafo shi ba. Babu netwok a cikin asibitin, sai da na fita bakin titi na tsaya a rana ina ɗaga waya kafin ya sauka, ga janareta yana shan mai, ga likita yana jira da layin marasa lafiya a gabansa.

Laifina ne, na sani. To amma tun daga ranar nake tambayar kaina: me ya hana masu Tomcat su sa waɗannan direbobi a cikin kunshinsu tun farko? Shawarar da muke yi yanzu ita ce mu haɗa namu kunshin guda ɗaya, wanda zai ƙunshi Tomcat da direbobin PostgreSQL da MySQL da SQL Server da Oracle, sannan mu ƙara wani shafin gudanarwa da ake buɗewa a burauza domin duba teburan bayanai da gyara su, ta yadda duk inda aka je da filash ɗaya aiki zai kammalu. Ina roƙon ku nuna mini inda gizo yake saƙa kafin mu yi nisa.

Dattijon Sabar:
Wa alaikumus salam, ɗana. Sannu da wahala, kuma duk wanda ya taɓa aikin girkawa a waje ya san zafin abin da ka gani. Bari in fara gyara wani zato: ba duka sabar manhaja ba ce take zuwa hannu rabbana. Sabar GlassFish ta daɗe tana zuwa da ƙaramin rumbun bayanai mai suna Derby, wanda Sun ta riƙa kira Java DB, har akwai umarnin asadmin na musamman domin tayar da shi. Tsohuwar JBoss tana zuwa da HSQLDB, ita kuma WildFly da ta gaje ta tana zuwa da H2 a ƙarƙashin wata mahaɗa mai suna ExampleDS. WebLogic kuwa, wadda ta koma hannun Oracle a 2008 lokacin da ta sayi BEA, tana zuwa da direban Oracle da wasu direbobi na DB2 da SQL Server. Akwai ma dalili na ƙa'ida, domin tun Java EE 7 ta 2013 aka wajabta wa cikakkiyar sabar ta tanadi wata mahaɗar bayanai ta asali da manhaja za ta tarar ko ba a saita mata komai ba.

Amma ka lura da abu guda. Waɗannan ƙananan rumbunan da ake haɗowa an yi su ne domin gwaji da koyo, kuma masu su sun faɗi haka a fili a takardunsu. Na taɓa karɓar aiki a wata ma'aikata inda wanda ya girka musu manhaja ya bar ta a kan rumbun gwajin da ya zo da sabar, aka yi shekara biyu ana zuba bayanan albashi a cikin wani fayil da ke kwance a foldar sabar, babu wanda ya san yana nan, balle a yi masa kwafin ajiya. Ranar da aka zo sabunta sabar sai aka share tsohuwar foldar baki ɗaya. Abin da aka sauƙaƙa da yawa, mutane kan manta cewa zaɓi ne da ya kamata su yi da kansu.

Ita Tomcat ta ɗauki wata hanya dabam. Tana ba ka tafkin haɗi, wato abin da yake riƙe hanyoyin da aka buɗe zuwa rumbu domin a sake amfani da su, har iri biyu ma, amma direba ta bar maka ka kawo naka. Babban dalilin lasisi ne, kuma akwai wadda ta fi ni saninsa a zauren nan.

'Yar Zazzau:
Allah ya ƙara girma, Baba. Malam Bakano, direbobi huɗun da ka lissafa kowanne da sharaɗinsa, kuma da zarar ka zuba su a kunshi ka miƙa wa mai saye, ka tashi daga mai amfani ka koma mai rarrabawa, wanda a kansa sharuɗɗan suke hawa. Direban PostgreSQL yana ƙarƙashin lasisin BSD, mai sauƙi ne ƙwarai, abin da ake nema kawai shi ne ka bar takardar lasisin a cikin kunshin. Na SQL Server ma Microsoft ta sake shi a ƙarƙashin lasisin MIT a 2016. Na Oracle ya shiga Maven Central, ma'ajiyar da masu Java suke ɗauko kayan aiki daga cikinta, a 2019, bayan shekaru da mutane suka yi suna sauke shi da hannu, amma sharuɗɗansa na Oracle ne na kanta, sai ka zauna ka karanta su.

Inda ƙura take shi ne direban MySQL, wato Connector/J. Yana ƙarƙashin GPL ne, lasisin da yake neman wanda ya rarraba manhajar da aka haɗa da shi ya buɗe tushenta, tare da wani rangwame da aka yi wa manhajojin da su ma tushensu a buɗe yake. Taku manhajar ta sayarwa ce kuma tushenta a rufe, saboda haka wannan rangwamen bai shafe ku ba, kuma shi ya sa Oracle take sayar da lasisin kasuwanci ga masu irin aikinku. Gidauniyar Apache kuwa tana da ƙa'idar cewa ba ta sa abin da ke ƙarƙashin GPL ko LGPL a cikin kayan da take fitarwa, domin kada wanda ya ɗauki kayanta ya tarar da wani sharaɗi da ya fi na lasisin Apache nauyi. Idan dole sai kun tallafa wa MySQL, ku duba direban MariaDB, wanda yake ƙarƙashin LGPL kuma yana iya magana da MySQL, amma ku gwada shi sosai a kan manhajarku kafin ku dogara da shi.

Bakano Mai Java:
Na gode, Hajiya, wannan ban san shi ba ko kaɗan. Sai dai mu ba gidauniya ba ce, kuma gaskiyar magana asibitocinmu duka PostgreSQL muke sa musu. Sauran ukun mun so mu sa ne saboda ko wata rana wani zai ce yana da nasa rumbun.

'Yar Zazzau:
To ashe ka amsa rabin tambayarka da kanka, Malam. Direban da ba ku taɓa gwada manhajarku da shi ba, sa shi a kunshi alkawari ne da ba ku shirya cikawa ba, domin mai saye zai gan shi ya ɗauka kun tallafa masa.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaishe ku duka. Ni ina tare da ɗan'uwana Bakano a kan asalin manufarsa, kuma ina ganin kada maganar lasisi ta sa mu manta da halin da muke aiki a ciki. Waɗanda suka tsara cewa kowa ya je ya sauke direbansa, sun tsara ne a inda intanet yake kamar ruwan famfo. Mu a nan akwai ofisoshin da kwamfutocinsu ba a yarda a haɗa su da intanet ba sam, akwai kuma garuruwan da ko an yarda babu shi. A irin wannan wuri kunshin da bai cika ba daidai yake da babu.

Kuma haɗa direba da dandamali ba baƙon abu ba ne. Ku dubi harshen PHP. Da can tana dogara da ɗakin karatun MySQL na waje, da duk rikicin lasisinsa, sai aka rubuta mata nata direban mai suna mysqlnd a ƙarƙashin lasisin PHP, ya shigo da PHP 5.3 a 2009, daga baya ya zama shi ne na asali. Tun daga nan ɗalibi yana girka PHP ya haɗu da rumbunsa ba tare da ya san akwai wani abu wai shi direba ba. Da yawa daga cikinmu da XAMPP muka koyi wannan aiki, fayil ɗaya ka sauke ka sami Apache da rumbu da PHP da phpMyAdmin. Da an ce sai mun haɗa su ɗaya bayan ɗaya a ranar farko, da wasunmu sun gudu tun ba su fara ba.

Mai Tsaron Ƙofa:
Yayana na Maraɗi, a kan direba ba ni da ja da kai, amma misalin XAMPP da ka kawo shi ne ya tayar mini da hankali. Masu XAMPP da kansu sun ce kayan gwaji ne a kwamfutar mai rubuta manhaja, shi ya sa babban asusun rumbun yake zuwa babu kalmar sirri. Sau nawa muka tarar da shi a makarantu da ofisoshi yana ɗauke da aikin gaske? Ina so mu raba abu biyu da aka gwama a tambayar farko. Direba fayil ne da yake zaune shiru, ba ya sauraron kowa, sai manhaja ta kira shi. Shafin gudanarwa na burauza kuwa ƙofa ce, kuma ƙofa ce da take kaiwa kai tsaye cikin ɗakin da aka ajiye komai.

Tarihi ya nuna mana wannan ba sau ɗaya ba. Tsofaffin JBoss suna zuwa da shafin gudanarwarsu na JMX a buɗe babu kalmar sirri, kuma a 2016 masu manhajar garkuwa da bayanai ta SamSam sun yi ta shiga cibiyoyi a Amurka, har da asibitoci, ta sabobin JBoss da ba a sabunta ba. A watan Janairun 2022, makonni kaɗan bayan rikicin ɓarakar tsaro ta Log4j, masu bincike na JFrog suka bayyana wata ɓaraka a shafin gudanarwar H2, mai lamba CVE-2021-42392, wadda take iya ba mutum damar gudanar da umarninsa a kan sabar idan an buɗe shafin ga waje. An toshe ta a H2 2.0.206, amma wanda H2 ya zo masa a ɓoye cikin kunshin wani, ta yaya zai san cewa shi ma abin ya shafe shi? Ku dubi yadda ita Tomcat take yi da nata shafin Manager: babu asusu ko ɗaya a tomcat-users.xml sai ka ƙirƙira, kuma a sababbin sigogi ba ya amsa kowa sai daga kwamfutar da yake kai.

Malam Bakano, bayanan marasa lafiya kuke riƙewa. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kulawa da su. Ko babu doka ma, ka yi tunanin ma'aikacin karɓar kati wanda ya hau waya-fai ɗin asibiti da wayarsa, ya buɗe shafin, ya ga sakamakon gwajin maƙwabciyarsa. Ba sai ɓarawo ya zo daga wata ƙasa ba.

Ɗan Maraɗi:
Na karɓi wannan, ƙanena. Amma idan an cire shafin, ranar da bayani ya shiga ba daidai ba kuma mai manhajar yana da nisan awa uku, wa zai gyara, kuma da me?

Mai Tsaron Ƙofa:
Gyaran da ma'aikacin asibiti zai yi ya kamata ya kasance a cikin manhajar kanta, inda za a rubuta wanda ya canza abu da lokacin da ya canza. Gyaran da ya fi ƙarfin wannan aikin injiniya ne, shi kuma psql, kayan ba da umarni da ke zuwa da PostgreSQL, ya ishe shi, ko ya zo da manhajar duba rumbu irin pgAdmin ko DBeaver a kwamfutarsa ta hannu ya haɗa, ya gama ya tafi da kayansa.

Dattijon Sabar:
Ina so in dawo da ku kan direban, domin ko shi da muka ce yana zaune shiru yana tsufa, kuma tsufansa ne yake kawo matsalar da ta fi wahalar ganewa. Lokacin da MySQL 8.0 ta fito a 2018 ta canza hanyar tantance kalmar sirri ta asali zuwa caching_sha2_password, sai tsofaffin direbobi suka kasa shiga, alhali sunan asusu da kalmar sirri duk daidai suke. Sunan ajin direban ma ya koma com.mysql.cj.jdbc.Driver. Mu da muke yankin nan mun ƙara ganin wani abu, domin sigogin farko na sabon direban suna ƙin haɗawa idan agogon sabar ya ba da gajeren suna irin WAT, sai ka rubuta masa serverTimezone=Africa/Lagos a cikin adireshin haɗin. PostgreSQL ma ta kawo tata sabuwar hanyar tantancewa mai suna SCRAM a siga ta 10 a 2017, ta mayar da shi na asali a siga ta 14 a 2021, kuma direban da ya girmi 42.2.0 bai san wannan yare ba.

Abin da nake nufi shi ne, sabar manhaja da rumbun bayanai da direba kowanne da kalandarsa. Idan masu Tomcat suka sa direba a kunshinsu, to sun ɗaure kansu da kalandar kamfanoni huɗu ko biyar, kuma duk ranar da aka gano ɓaraka a ɗaya daga ciki, kamar wadda aka samu a direban PostgreSQL a Fabrairun 2024, sai sun fitar da sabuwar Tomcat saboda laifin da ba nasu ba. Kai kuwa, ɗana, matsayinka dabam ne. Ka san sigar PostgreSQL da kake sawa, ka san sigar Java, ka gwada su tare. Kai ne mutumin da ya fi cancanta ya haɗa direban, amma ka sani cewa daga ranar da ka haɗa shi, nauyin sabunta shi a kowane asibiti ya hau wuyanka, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Ɗalibar Kwamfuta:
Ku yi haƙuri da ni, iyayena da yayyena, ni sabuwa ce. Idan za a haɗa direban, a ina ya fi dacewa a ajiye shi? A makaranta an nuna mana a sa shi a WEB-INF/lib cikin manhajar, amma na ga Malam Bakano ya ambaci foldar lib ta Tomcat.

Dattijon Sabar:
Tambaya mai kyau, 'yata. Ya danganta da wanda yake buɗe haɗin. Idan a saitin Tomcat aka bayyana mahaɗar, ita ce mai riƙe tafkin, to dole ta iya ganin direban, wurinsa foldar lib tata. Idan manhajar ce take ɗauke da nata tafkin, kamar masu amfani da HikariCP, to direban yana iya tafiya a cikinta, kuma da haka aka yi da abin da ya sami yayanki a bakin titi bai faru ba, tunda Maven, kayan gina manhajar Java, zai zuba shi a fayil ɗin manhajar a duk lokacin da aka gina ta. Illar wannan hanyar ita ce direba yana yi wa kansa rajista a DriverManager, wanda na Java ne baki ɗaya, saboda haka idan aka sauke manhajar aka sake ɗora ta ba tare da kashe Tomcat ba, za ki ga gargaɗi cewa an bar direba a rajiste kuma an cire shi da ƙarfi domin kada ƙwaƙwalwa ta yi yoyo. Abin da za ki guje wa ƙwarai shi ne ajiye siga ɗaya a nan, wata sigar a can, domin ranar da matsala ta taso za ki sha wuya kafin ki gane wacce ce take aiki.

Bakano Mai Java:
Allah ya saka da alheri, Baba. Direbobi ukun da shafin burauza mun janye su. Saura abu ɗaya da ban yarda in bari ba, wato pg_dump, umarnin PostgreSQL mai kwafe bayanan rumbu zuwa fayil. Manhajarmu tana da maɓallin da akan danna kowane yamma domin a yi kwafin ajiya zuwa filash, kuma pg_dump take kira. Wannan kam ai dole ya kasance a kunshin sabar.

'Yar Zazzau:
Dole ya kasance a kwamfutar, amma ba dole ya kasance naku kwafin ba. Ka tuna cewa pg_dump yana ƙin aiki idan rumbun da aka nuna masa ya fi shi sabuwar babbar siga. Ka ɗauka kun haɗa na siga ta 14 a kunshinku, bayan shekara biyu wani ya ɗaga rumbun zuwa ta 16, to daga wannan yamma maɓallin zai daina samar da komai, kuma idan manhajar ba ta duba sakamakon umarnin ba, ma'aikaci zai ci gaba da dannawa yana cire filash cikin kwanciyar hankali har watanni. Tunda a asibitocinku rumbun da Tomcat suna kan kwamfuta ɗaya, ku sa manhajar ta kira pg_dump ɗin da ya zo tare da PostgreSQL ɗin da ke aiki, ku ajiye hanyarsa a fayil ɗin saiti, sannan ta nuna wa ma'aikaci girman fayil ɗin da aka samu da lokacin da aka yi shi.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, wannan ya yi a inda suke kwamfuta ɗaya. Ni ina da wurare biyu da rumbun yake wata na'ura a ɗakin shugaba, sabar manhaja tana wata, kuma filash a jikin ta biyun ake soka shi. A can babu makawa sai an sa kayan PostgreSQL na ɓangaren mai haɗi a kan sabar manhaja, kuma ni a kunshina nake sa su, ina zaɓar siga mafi sabunta tunda sabon pg_dump yana iya karanta tsohon rumbu. Har yanzu ban ga abin da zai sa in cire su ba.

Mai Tsaron Ƙofa:
Ba zan ce ka cire ba, Yaya, tunda umarni ne da ba ya sauraron kowa daga waje. Abin da zan tambaya shi ne, da wane asusu yake shiga rumbun, kuma a ina kalmar sirrinsa take kwance? Idan babban asusun postgres ne aka rubuta a fayil ɗin da manhajar take iya karantawa, to duk wanda ya sami manhajar ya sami rumbun gaba ɗaya. Tun siga ta 14 akwai matsayin pg_read_all_data, wanda za ka ba wani asusu na musamman domin ya karanta kawai ba tare da ikon canza komai ba.

Bakano Mai Java:
Namu kam babban asusun ne, yanzu na buɗe fayil ɗin na gani. Zan canza shi a daren nan a kwamfutar gwaji. Ranar Asabar kuma zan koma asibitin nan da na ba ku labari, zan karɓi filash ɗin da suke ajiya a kai, in gwada dawo da kwafin jiya a kan wata kwamfuta dabam, domin tun da muka girka ba mu taɓa gwadawa ba. Malam na Maraɗi, idan babu damuwa ka turo mini yadda ka jera foldojin kunshinka, ina so in ga inda kake rubuta sigar kowane fayil da ka sa a ciki.